Yadda nake ɗinka kuben almakashi mai duwatsu da matashin allura da hannu

Assalamu alaikum 'yan uwana masu ɗinki, da masu keke da masu ɗinkin hula har da wadda allura ɗaya gare ta don maɓallin rigar maigida. Bara da damina 'yar ƙanwata ta taka allura a ɗakina, allurar da ni da hannuna na soka a gefen katifa na ce bari in leƙa tukunya in dawo, na manta da ita, ta zame ta faɗi kan leda, yarinya ta shigo da gudu ba takalmi. Allah ya tsare ba ta karye a ciki ba amma kukan da ta yi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ba a yi sati biyu ba kuma, ina kan kabu-kabu daga Babbar Kasuwa zuwa gida, tsinin almakashina ya huda jaka ya ja zaren shaddar mutane da anka ba ni ɗinki. Tun ranar na ce a'a, duk wani ƙarfe mai tsini a ɗakin nan sai ya samu gidanshi.

Na ɗinka kube da matashin allura da yawa daga lokacin zuwa yanzu, wasu nawa wasu na kyauta, kuma abin da zan faɗa miki tun farko shi ne duwatsun da mutane ke gani su yaba ba su ne ke riƙe abin ba. Abin da ke riƙe shi yana ciki inda ba mai gani, 'yar fatar da ke tare tsini, da ƙullin da kike yi a baya, da abin da kinka cusa cikin matashi. In kinka gyara waɗanga to ko layi ɗaya na duwatsu kinka sa zai yi shekaru yana miki aiki, in kinka yi musu sakaci kuwa wata biyu ya isa ki ga tsini ya leƙo ta ƙasa.

Kayan da za ki tanada

Yawancinsu suna cikin buhun ƙyallayenki. Yadin fuska, wato wanda zai fito waje, ni karammiski na fi so don duwatsu suna kwantawa a kanshi su yi kyau, amma shadda mai kauri ma ta yi. Sai yadin shafi na ciki, atamfa ta auduga wadda anka taɓa wankewa, kar ki sa mai santsi don almakashi zai riƙa zamewa. Sai gam site ɗin nan mai tauri da teloli ke mannawa a wuyan riga da dutsen guga. Kwali, alli, tef na awo, fil, maɓalli 3, zaren keke mai ƙarfi kalar yadinki, zare mai kauri irin na ɗinkin hula, basilla, da ɗan guntun kakin zuma. Masu sai da zuma suna da shi, in babu kyandir ma yana ɗan taimakawa amma bai kai kaki ba.

Duwatsu kuma ƙananan nan irin na jigida nake nufi. In kin samu masu lamba a jikin leda to ki sani lambar tana tafiya a juye ne, iya girman lamba iya ƙanƙantar dutse, 11/0 wajen milimita 2 ne, 8/0 wajen milimita 3, 6/0 wajen milimita 4. Mai koyo ta fara da 8/0, raminshi yana da faɗi, allura na wucewa sau biyu sau uku ba gardama. Na Japan irin su Miyuki da Toho da na ƙasar Cek irin su Preciosa sun fi daidaito, kowane kamar ɗan'uwanshi, sai dai tsada da wuyar samu, abin da ya fi yawa a kasuwanninmu na Sin ne kuma da shi nake aiki, sai dai ki riƙa tsincewa kina fitar da karkatattu da masu toshewar rami. Allurar duwatsu siririya ce doguwa, lamba 10 ko 12, ki sayi fiye da ɗaya don suna lanƙwashewa. Ki tafi da allurar kasuwa ki gwada ta a ramin dutsen kafin ki biya kuɗi, wanga ya fi a zo gida ana da-na-sani.

Kar ki yi aiki da zaren roban nan irin na kamun kifi da masu sarƙa ke amfani da shi. Wurin sarƙa daidai ne, amma kan yadi ba ya riƙe ƙulli, kuma yana yanka yadin a hankali.

Akwai gwaji ɗaya da ba na tsallakewa. Ki ɗebi duwatsu kaɗan daga kowace kala ki jiƙa cikin ruwan sabulu su kwana, da safe ki murza su cikin farin ƙyalle. Wanda kalar ke cikin gilashin kanshi ba abin da zai same shi, wanda anka shafa wa fenti a sama kuwa za ki ga ya bar kala a ƙyallen, musamman masu ruwan zinari da azurfa da wasu masu ruwan hoda. Mu da ke Sakkwato inda watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40 hannu kullum cikin gumi, irin waɗanga sati kaɗan za su koɗe su koma fari fat.

Maganar fata

A nan mun fi kowa sa'a. Fatar jan akuyarmu ita ce tun zamanin da fatake ke ƙetare hamada da ita zuwa Maroko, Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga ƙasarmu ta fito, tana da laushi kuma ba ta yagewa da sauƙi. Ba sabuwa za ki saya ba, ki je shiyar Madunka ko wurin kowane baduku ki nemi guntayen da sunka rage. Ranar da na fara zuwa wani dattijo ya dube ni ya ce, ɗiyata mi za ki yi da wagga 'yar hwata? Na ce Baba gidan almakashi zan yi. Sai ya ajiye aikinshi ya zaɓo min mai ɗan kauri ya ce, to ki kiyaye kar ƙarhe ya kwana bisa gare ta da danshi, baƙi za ta yi. Gaskiya ya faɗa min, don fatarmu da bagaruwa ake jeme ta, kuma bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe da ruwa baƙi suke bayarwa, da haka ma dukawa ke samun kulokon da suke baƙanta fata da shi. Shi ya sa a wanga aiki ba a barin bakin almakashi ya taɓa fatar kai tsaye, sai an rufe ta da ƙyalle. In ja ce kuma ki goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle ki gani ko tana zuba, in tana zuba ki nemi wadda ba a rina ba.

Awo da yanka

Ki rufe almakashinki ki kwantar da shi kan kwali. Ki zagaye shi da biro daga tsini har zuwa ƙarƙashin zobban da yatsu ke shiga, sannan ki ƙara rabin inci a kowane gefe, ki ja layi miƙaƙƙe, zai fito miki kamar mazurari, sama faɗi ƙasa tsuke. Ƙasan kar ki yi shi da tsini, ki bar mishi faɗin inci 1 ki ɗan zagaye kusurwoyin. Wanga shi ne gaba. Na baya kuma siffa ɗaya ce da shi daga ƙasa, sai dai za ki ci gaba da zane har ki wuce zobban, ki ƙara inci 2 da rabi a sama, shi ne marufin da zai ninko ya rufe. Ki yanke kwalin da wani almakashi daban ko reza, na yadi ba ya yankan takarda, dakushewa yake.

Kafin ki taɓa yadi ki yanki tsohuwar takarda da waɗanga kwalaye biyu ki haɗa gefensu da fil ki zura almakashin ki gani. Wurin ƙusar tsakiya yana da kauri kuma yana cin wuri fiye da yadda ido ke gani, in ya matse ki ƙara kwata na inci. Kina son ya shiga ba tare da turawa ba, kuma in kinka kifa shi kar ya faɗo da kanshi nan take.

Yanzu ki yanki gam site guda 2 daidai girman kwali ba ƙari. Ki manna su a bayan yadin fuska da dutsen guga mara zafi sosai, in karammiski ne ki shimfiɗa tawul ki kifa fuskarshi a kai ki yi gugar ta baya, in ba haka ba gashin zai kwanta ya yi tabo mai sheƙi da ba ya gyaruwa. Kar ki yanke yadin fuskar tukuna, ki bar shi da faɗinshi don ki samu wurin riƙewa lokacin jera duwatsu. Ki bi gefen gam site ɗin da farin zare, manyan ɗinki, don ki riƙa ganin iyakarki ta gaba.

Zane da jera duwatsu

Na san zuciya za ta ce miki ki yi dagi. Ki bari sai na biyu ko na uku, dagi yana da saƙa-saƙa da yawa kuma wurin ƙarami ne. Ki fara da tambari, zagayen nan mai kama da dodon koɗi da ake yi wa babbar riga, ki sa shi a marufi ko a saman gaba inda ya fi faɗi, sannan layi biyu su sauko ƙasa kamar aska. Ki zana da alli siriri. Abu biyu za ki kiyaye, ki bar kwata na inci daga gefe ba dutse don nan allurar haɗi za ta bi, kuma kar ki sa dutse a layin da marufi zai ninke, zai hana shi kwanciya kuma zaren wurin zai riƙa cin wuya har ya tsinke.

Ki shimfiɗa ɗan tawul cikin faranti ki zuba duwatsu kaɗan a kai, haka ba sa gangarewa kuma da bakin allura za ki riƙa ɗaukarsu ba da yatsa ba. Don Allah in akwai mai rarrafe a gidan ki bari sai ya yi barci, yara suna haɗiye su suna kuma cusa su a hanci, in kin tashi ki rufe ki ɗora sama. Ki nemi haske mai kyau, ni da hantsi nake yi a inuwa ko bayan la'asar, aikin dutse da fitilar waya yana gajiyar da ido ƙwarai.

Ki yanki zare kamu biyu, ki zura ki ninka shi biyu ki ƙulla, ki ja shi kan kaki sau biyu sannan ki murza da yatsu. Kakin yana hana shi harɗewa kuma yana kare shi daga kaifin bakin dutse. Ki fito da allura daga baya a tsakiyar tambarin, ki ɗauki dutse 1 ki kafa shi da ɗinki biyu, shi ne cibiya. Daga nan ki fito kusa da shi ki ɗauki duwatsu 4, ki tura su har ƙasan zare, ki kwantar da su kan layin alli, ki soka allura ƙasa daidai inda na huɗun ya ƙare. A nan ne duk sirrin yake wallahi, in kinka soka kusa da yawa duwatsun za su yi tudu kamar ƙusumbi, in kinka soka nesa zare zai bayyana su riƙa yawo. Sai ki dawo baya ki fito tsakanin na biyu da na uku, ki bi ta cikin ramin na uku da na huɗu, ki ɗauki wasu 4, ki sake. Wato kullum kina gaba da huɗu kina komawa baya da biyu, shi ya sa layin ke zama sarƙe da juna. Inda zane ya lanƙwasa sosai kamar zagayen farko na tambari ki rage zuwa 2, ki koma ta cikin ɗaya.

Duk bayan inci 1 ki juya baya ki yi ƙaramin ƙulli a jikin gam site kafin ki ci gaba. Na san yana cin lokaci kuma ba mai ganinshi, amma ranar da zare ya tsinke a wani wuri duwatsun inci ɗaya kawai za ki rasa. Nawa na farko ban yi haka ba, dutse guda ya maƙale a zif ɗin jaka na ja, allura ta tono garma, layi gaba ɗaya ya zube a tsakar gida. In kin gama layi ki sake zura allura ta cikin dukkan duwatsunshi daga farko har ƙarshe ki ɗan ja kaɗan, za ki ga ya miƙe ya daidaita kamar an ja shi da rula. Kar ki matse layi da layi, ki bar su su taɓa juna kawai, in sun yi cunkoso yadin zai tattare.

Haɗa kube

In duwatsu sun zauna sai ki yanke yadin fuska ki bar rabin inci bayan farin zaren nan, ki kula kar almakashi ya kama zaren duwatsu ta baya. Ki kalmasa rabin incin ya kwanta kan gam site ki kama shi da manyan ɗinki, wurin zagaye ki ɗan tsattsaga bakin don ya kwanta ba ƙullutu. Ki yanki shafi shi ma da ƙarin rabin inci, ki kalmasa shi ya ɗan fi fuskar ƙanƙanta kaɗan, ki ɗora baya da baya ki ɗinke su zagaye da ƙananan ɗinki. Yanzu kina da falle biyu gamammu, gaba da baya, kowane da shafinshi, duk ƙulle-ƙullen sun ɓuya.

Sai fata. Da farko na ɗauka guntu biyu zan yanka in sa ɗaya gaba ɗaya baya, ashe tsini ba ta jikin yadi yake fita ba, ta tsakiyar ɗinkin ƙasa yake bi ya raba shi. Don haka guntu ɗaya za ki yanka, tsawon inci 4, ki ninka shi biyu, ninkin ya zama shi ne ƙasa, ta yadda in tsini ya sauka fata zai tarar ba ɗinki ba. Ki rage gefenta ta bi siffar ƙasan kuben. Ki rufe fuskar da za ta kalli ƙarfe da siririn ƙyalle, ki ɗinke shi a bakin fatar. Ki huda ramuka a gefenta da basilla tun kafin haɗi don allurar hannu ba ta shiga fata da daɗi, in kinka matsa mata karyewa za ta yi. Ki kama bakin saman fatar a jikin shafi, rabi a gaba rabi a baya, da ɗinki masu kwanciya don kar tsini ya riƙa tuntuɓe da shi wurin shiga.

Ki haɗa gaba da baya shafi na kallon shafi, ki kama da fil, ki fara daga kusurwar baki ta dama ki sauko ki zagaye ƙasa ki hau zuwa ta hagu, zare biyu mai kaki, ɗinki kusa da kusa mai naɗe baki, in kin zo wurin fata ki bi ta ramukan da kinka huda. A kusurwoyin bakin nan biyu ki maimaita ɗinki sau 5 ko 6 a wuri ɗaya don nan ne ke shan ja kullum. Wanga ɗinki da zalla zare za ki yi shi. Wasu suna haɗawa da duwatsun baki a tafiya ɗaya don sauri, ni ban yarda da haka ba, dutsen gilashi yana fashewa, in ya fashe ya yanke zare to kube ya buɗe ke nan.

Bayan ya haɗu ya yi ƙarfi sai ki dawo da sabon zare ki yi wa baki ado. Ki fito a gefe ki ɗauki duwatsu 3, ki soka ta cikin falle biyun nesa da inda kinka fito da faɗin dutse ɗaya, ki dawo ta cikin ramin na ukun daga ƙasa zuwa sama. Daga nan 2 kawai za ki riƙa ɗauka, ki soka, ki dawo ta cikin na ƙarshe. Zai fito ɗaya tsaye ɗaya kwance kamar haƙoran zarto, yana rufe ɗinkin haɗi kuma yana da kyau ƙwarai in kinka sa kala biyu. Ki zagaye har marufi.

Marufi maɓalli da hanci ya ishe shi. Ki tufke zaren hula ki yi ɗan hanci a bakin marufin, ki sa almakashi ciki ki ninko ki ga inda ya sauka sannan ki kafa maɓalli, kar ki kafa shi kube na wofi don zai zo ya matse. Na ƙarfe irin na dannawa yana tsatsa da damina. In kina son tuntu ki yi shi da zaren hula ki ɗaura a ƙasa da dutse babba guda a wuyanshi. Wani abu da nake ƙarawa, ɗan guntun karammiski a cikin marufi, nan nake soka siraran allurar duwatsu don cikin matashi lanƙwashewa suke.

Matashin allura

Wanga ya fi sauri, in kayan cikinshi sun kammala yini ɗaya ya isa, amma abin da za ki cusa ciki shi ne magana. Kar ki sa gero ko shinkafa, ƙwari za su shiga ɓera kuma ya biyo. Soson katifa yana riƙe allura da ƙyar kuma da zafi yana marmashewa. Audugar gona tana dunƙulewa ta yi tauri kuma tana shan danshi, da damina sai ki zaro allura ki ga ta yi ja. A ƙasashen sanyi gashin tunkiya suke sawa don yana da maiƙon da ke hana tsatsa, amma tumakinmu irin su uda da balami ba irin wanga gashin gare su ba. Abin da ya fi mana shi ne audugar rimi, irin ta matashin kai na da, ba ta shan ruwa kuma tana da taushi. Ki tsince 'ya'yan, ki yi aikin inda ba iska ba fanka don tana tashi ta shiga hanci, kuma ki nisanta ta da murhu, tana kama wuta nan da nan.

Rimi ba shi da nauyi, in shi kaɗai ne kina zare allura matashin zai biyo ki. Sai ki samu rairayi mai laushi cikin cokali 4 ko 5, ki tankaɗe ki wanke har ruwan ya fita fes, ki shanya kwana biyu a rana, ni har soya shi nake a tsohon kasko don in tabbatar ba sauran danshi. Ki ɗinka mishi 'yar jaka da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa ninki biyu, ki rufe bakin da kyau.

Ki kifa faranti mai faɗin inci 8 kan atamfa ko karammiski ki zagaye ki yanke. Ban da leshi, ban da shadda mai sitati don allura ba ta shiga da sauƙi. Ki bi gefen da zaren hula, shiga-fita, kwata na inci daga baki, ki ja ya tattaru kamar jakar kuɗin da. Ki cusa rimi, ki ƙara, ki ƙara kuma, in kin ga kamar ya isa to bai isa ba, sai kin danna da yatsa kin ji shi kamar lemun zaƙi yana dawowa. Matashi mai sako-sako haɗiye allura yake. Jakar rairayin ce ƙarshen shiga don ta zama ita ce ƙasa, sai ki ja zaren ki ƙulle, ki ɗinke bakin gicciye sau da yawa.

In kina son ya yi tsagi kamar kabewa ki zura zaren hula mai tsawo a basilla, ki shiga ta tsakiyar ƙasa ki kauce wa jakar rairayi kar ki huda ta, ki fito ta tsakiyar sama, ki zagayo ta waje ki sake shiga ƙasa ki ja da ƙarfi. Ki fara raba shi biyu, sannan huɗu, sannan takwas. Ki kafa maɓalli a sama da ƙasa ki ɗaure su da juna. Don sauƙi ma kina iya yin jakar rairayin kamar gammo mai rami a tsakiya, basilla ta riƙa wucewa ta ramin.

Mazauninshi kuma ni ƙaramin ƙoƙo nake sawa, wanda matashin zai shiga ya cika shi ya yi tozo a sama. Ki goge gindin ƙoƙon a kan siminti har ya daina rawa, ko ki naɗa mishi ɗan gammo. Kar ki dogara da gam ɗin kyandir ɗin nan na bindiga, da bazara laushi yake ya saki. Ki ɗumama basilla ki huda ramuka zagaye da bakin ƙoƙon, tazarar rabin inci, a hankali don kar ya tsage, sannan ki ɗinke matashin a jikinshi ta ramukan. In ba ƙoƙo murfin kwalba mai faɗi ya yi, ki rufe shi da yadi ki ɗinka a jikin yadin.

Duwatsu a nan gefe kawai za su tsaya. Saman wurin allura ne, in kinka cika shi da ado bakin allura zai riƙa karo da gilashi yana dakushewa kuma zaren ɗinkinki zai riƙa maƙalewa. Ki yanki siririn yadi faɗin inci 1 da rabi wanda zai zagaye bakin ƙoƙon, ki kalmasa gefe biyu, ki jera mishi duwatsu irin kalar na kuben da ɗinkin nan na huɗu gaba biyu baya, ki yi wa bakinshi na ƙasa haƙoran zarto, sannan ki ɗaura shi kamar ɗamara ya rufe ramuka da zaren haɗi, ki kama shi a jikin matashin. Kewayen maɓallin sama layi ɗaya ya isa.

Duk allurar da za ki soka ki bar mata ɗan guntun zare a hanci, ko ta nutse za ki jawo ta. Ni allura 6 nake ajiyewa a nawa, kafin in kwanta sai na ƙirga, in biyar na gani ba mai shiga ɗakin sai na bi leda da maganaɗisu na samo ta.

Da kuben da matashin, kar ki tsoma ko ɗaya cikinsu a ruwa. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin duwatsu, ki bi ta da tsohon buroshin haƙori busasshe. In kin ɗiga wa ƙusar almakashi man keke ki goge shi tas kafin ki mayar, in ba haka ba mai zai ratso har fuska ya yi tabo, haka in kin yanka yadi mai danshi ki bushe bakin tukuna. In dutse ya fashe ko layi ya saki kar ki ja zaren, ki zura sabon zare mai kaki ta gefen shafi, ki bi ta cikin duwatsu uku kafin wurin da uku bayanshi, ki cike gurbin, ki ɓoye ƙullin a ƙarƙashin layin.

Kuben da ke hannuna yanzu na Gwaggo ne, almakashinta irin babban nan ne na teloli inci 10, sai da na ninka mata fatar biyu kuma na ƙara wa marufi inci ɗaya. Ta ce ita kore da fari take so kuma ban da tuntu don jikokinta za su ja, saura min haƙoran baki na gefen hagu in kai mata ranar Juma'a in sha Allahu.